Hular Rudu da Takardar Ingila

Da kakar albasar bana yayana Malam Namadina maƙeri ya cika shekara talatin da uku a kabari. Ya rasu muna cikin Jihar Sakkwato, ana ta raɗe-raɗin za a ba mu tamu jihar, bai kuwa kai ga gani ba. A 'yan kwanakin nan jikarsa Balkisu ta kawo mini wata tambaya, irin wadda ta taɓa shiga tsakanina da kakanta har ta kusa raba mu da gonar gado. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin kafin ni ma a kira ni.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a Danwarai aka haife mu. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama guda a bakin rafi, ba mu raba ta ba, tare muke dasa albasa tare muke cirewa. Yaya ya koyi ƙira wurin kawunmu, daga baya ya koyi walda ya kama rumfa a Jega. Ni kuwa da na gama firamare sai na faɗa dillancin albasa a tashar da ake lodi. Shi mutum ne mai jinkirin magana. Ni Allah ya yi ni da baki da son a san da ni, halin da har yau nake fama da shi.

Duk manomin albasa ya san ciwon da ke cikin sana'ar. Lokacin cira kasuwa cike take, ba daraja. Wanda ya iya ajiyewa har damina ta yi nisa shi ke cin riba. Sai dai albasa ba ta son zafi da laima. Za ka jibge ta a rudu, wato rumfar ajiya da ake ɗagawa bisa ƙafafu a rufe da ciyawa, ranar da ka buɗe ka tarar tsakiyar tulin ta zama ruwa, wari ya kore ka. Mun sha kwashe rabin wahalar shekara muna zubarwa bayan gari.

Wannan ne ya hana Yaya sukuni. Ya samo bututun ƙarfe ya huda shi ko'ina, ya tsayar da shi a tsakiyar tulin albasa, da 'yan rassa da ke ratsawa ta ƙasa. A samansa ya ɗora wata hula da ya yanko daga jikin duro, ya zaunar da ita kan cibiyar ƙafar keke. Iska kaɗan ta isa ta juya ta, tana juyawa tana zuƙo zafin da ke cikin tulin. Damina biyu ya gwada a rudun cikin gidansa. Ta farko bai gamsu ba, ya sake ramukan. Ta biyu da muka buɗe, sai da na tona har ƙasa ina neman ruɓaɓɓiya, 'yan kaɗan na samu. Matarsa A'i ce ta raɗa wa abin suna hular rudu.

Da ta ni ce, da washegari hular tana tsakiyar kasuwar Jega ina yi mata kirari. Wanda ya tare ni shi ne abokin Yaya, Malam Attahiru, malamin gona da ke zaune a Maiyama. Ya hau babur ya zo ya duba, ya daɗe tsugune yana leƙa bututun. Sannan ya ce kada a kai ta kasuwa, kada a sayar wa kowa, sai an yi mata rajista, domin abin da ya riga ya shiga idon jama'a hukuma ba ta ƙara ɗaukarsa sabo. Ranar na fara jin cewa akwai takardar da ke tsare wa mutum ƙirƙirarsa, ta hana wani ƙerawa ya sayar ba da yardarsa ba. Allah ya saka wa Malam Attahiru da alheri, shi ya raka mu Sakkwato wurin wani lauya da ya san harkar.

Lauyan nan bai ɓoye mana komai ba, wannan shaida ce da zan ba shi ko'ina. Ya ce da farko a yi rajistar gida a Legas, ita ce ke tsare abin a cikin Nijeriya, iyakarta ke nan. Daga ranar da aka shigar da ita muna da shekara guda mu kai wata ƙasa, idan ta wuce an rufe ƙofa. Hanya biyu ya nuna mana. Akwai ofishi guda a Kamaru wanda ƙasashen da ke magana da Faransanci suka haɗu a kai, rajista ɗaya a can ta rufe Nijar da Binin da Togo da sauransu. Ko kuma a tsallaka teku zuwa irin su Ingila, a can kuwa kowace ƙasa da nata ofishin da nata wakilin, kuma ba biya ɗaya ba ne, kamar shayar da rani ne, ranar da ka daina ban ruwa shuka ta mutu. Ya dube mu ya ce a ganinsa ƙarfinmu ba zai ɗauki biyun ba.

Ni tunda na ji an ambaci Ingila kunnena ya toshe. A motar da ta dawo da mu Jega ban bar Yaya ya huta ba. Na ce me za mu samu a Nijar, mutanen da mu ke kai wa kaya? Na ce idan sunansa ya shiga littafin Turawa, kamfani zai zo har Danwarai da jaka. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, ina hango kaina a tasha ana nuna ni ana cewa ga ƙanen wanda Ingila ta ba takarda.

Bai amsa mini ba sai bayan kwana biyu, muna fadama yana kafa darni, wato shinge, da karan dawa.

Ya ce, "Bello, kai ad dillali. Hwaɗa mani, masu sayen albasa da ka tahowa tasha, daga ina su ka hitowa?"

Na lissafa masa: Gaya, Doso, Malanbil, wasu har Kwatano da Lome.

"Su ma suna ajiya?"

Na ce suna yi, kuma tasu ma ruɓewa take.

"Suna da masu walda?"

Na ce kowane lungu.

"To Bature hwa? Ka taɓa ganin ya zo ya ɗauki buhu guda?"

Na ce ban taɓa gani ba. Ya nuna mini darnin da yake kafawa. Gefen rafi bai sa ko kara ɗaya ba, duk ƙarfinsa ya tara shi a gefen burtali.

Ya ce, "Darni inda awaki ka shigowa a ka yin shi. Karanmu kaɗan na. In munka kai shi Ingila, mi za mu sa nan?"

Maganar nan ta isa mai hankali. Amma kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Yaya ya haɗa abin da ya samu daga albasar da hular ta tsirar, aka tura takardu Kamaru, aka fassara su da Faransanci. Ni kuwa na koma wurin lauya ni kaɗai na ce a shigar da ta Ingila, ni zan biya. Ya sake gargaɗina, na ce ya yi aikinsa. Da na kawo wa Yaya takardar ya sa hannu, ya tambaye ni ina na sami ƙarfin haka. Na ce kasuwa ta yi kyau. Ya ɗago ya dube ni, ya sa hannu, ya ce Allah ya sa alheri.

Kasuwa ba ta yi kyau ba. Rabona na fadama na sayar. Akwai wani Alhaji Ɗantani, ɗan kasuwa daga Kimba, da ya daɗe yana sha'awar wurin. A rumfar wani a Jega muka yi ciniki gaban shaidu, na ce na sallama, ya biya. Na roƙe shi ya jinkirta zuwa har a cire amfanin da ke ƙasa. A raina ina cewa kafin nan kamfanin Turawa ya iso, in sayi wadda ta fi ta, Yaya ma ba zai ji zafi ba. Watanni ina cin tuwo a gidansa da wannan a cikina.

Lokacin dashe ya kewayo, Alhaji Ɗantani ya iso da mutanensa da igiya za su ja iyaka a tsakiyar fadamar mahaifinmu. Yaya yana cikin bedin iri, inda ake renon albasa kafin dashe, laka har gwiwa. Ina tsaye can gefe, da ƙasa za ta tsage da na shige. Alhaji ya yi masa bayani cikin ladabi, shi a zatonsa an san da maganar. Yaya ya wanke hannu a kwalbati, ya juyo.

"Bello, gaskiya na?"

Na ce gaskiya ne.

"Ita ce kasuwar da ta yi kyau?"

Na sunkuyar da kai. Ban ji zagi ba, ban ji tsawa ba, da ma ya yi da na sami sauƙi. Ya ce wa Alhaji ya naɗe igiyarsa tukuna, yana son su je gaban malam.

A zauren limamin garinmu na koyi abin da ban sani ba a cikin addinina. Liman ya ce idan mutum biyu suna tarayya a ƙasar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, to abokin tarayyar yana da haƙƙin ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi wurin. Shufu'a ake ce mata. Alhaji Ɗantani bai ji daɗi ba, ya ce shi da ya sani da bai shiga tsakanin 'yan'uwa ba, amma bai yi jayayya da shari'a ba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Abin da ya rage shi ne a kawo kuɗin. Nawa kuwa sun riga sun zama fam, sun tsallaka teku.

Yaya yana da bijimai da ake kiwata masa a bayan gida. Kowa a Danwarai ya san na kujerar Makka ne. A'i ce ke fama da su, dusa da harawa da kanwa, shekara da shekaru. Ranar kasuwa ya sa aka kora su Jega. Na ga fitarsu ta ƙofar gida, na ga A'i tsaye riƙe da ƙwaryar dusar da ba sauran mai ci. Kafin la'asar fadama ta dawo, duk ta zama ta Yaya, da shaidu.

Na ɗauke ƙafa daga Danwarai, na tare a Jega, kunya ta hana ni ko gaisuwa. Ba a yi mako biyu ba sai ga shi a tasha da kansa, a kan kekensa, ana tsakiyar lodi.

Ya ce, "Iri na tsuhwa cikin bedi. Yaushe za ka taho ka dasa naka gehen?"

Na ce, "Yaya, ai ba ni da gefe."

"Wa ac ce? Ni na sayi gonar Baba, ban sayi rabonka ba. Ka taho da sahe, ka zo da kalmen noma, nawa ya karye."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar har ya koma ga Allah. A'i ce dai ba ta bar ni haka ba. Da na shiga gidan ta leƙo daga madafa ta ce, "A'a, Bature! An dawo daga Ingila? Ina tsarabarmu?" Ta ajiye mini tuwo. Daga bakinta sunan ya fita, har yau a tashar Jega idan ba ka ce Bello Ingila ba, ba wanda zai gane ni. Na daɗe ina jin haushin sunan. Yanzu ina amsawa, domin ya fi abin da na cancanta sauƙi.

Amsar Ingila ta iso daga baya. Masu binciken can suka ce hula mai juyawa da iska sun san ta tuntuni a kan jiragen ruwa da masana'antu, abin da ke sabo shi ne yadda aka ratsa bututun cikin tulin. Sai a sake rubuta bayanin, a sake biyan wakili. Lokacin kuwa naira ta fara faɗuwa, abin da ya isa jiya ba ya isa yau. Lauya ya tambaye ni ko za a ci gaba. Ba ni da sauran abin sayarwa da yake nawa. Haka neman ya mutu a hanya, kamar yadda aka faɗa mini tun ranar farko. Ba wanda ya cuce ni. Hange ne ya kai ni, na hango nesa na taka abin da ke gabana.

Ta Kamaru kuwa ta fito, kuma awakin suka shigo ta inda Yaya ya ce. Da hular ta shiga kasuwa, ba a jima ba direbobi suka kawo labarin wani mai walda a Gaya yana ƙera ta yana sayarwa. Na ce a kai shi kotu. Yaya ya ɗauki takardarsa da goro, ya ce in raka shi Gaya. Mutumin ya ga takarda da hatimin da hukumar ƙasarsu ta sani, bai yi musu ba. Yaya ya karɓi wadda ya ƙera ya jujjuya, ya ce ramukan sun yi faɗi, ƙananan albasa za su toshe su. Ya zauna ya nuna masa yadda ake yi. Suka daidaita a kan ɗan abin da zai riƙa aikowa a kan kowace hula, kuma ya cika alkawari. Daga baya wani a Malanbil ya biyo sahu. Ba dukiya aka tara ba. Ta dai isa sabunta takardun duk shekara, ta ƙara injin walda a rumfa, ta riƙe 'ya'yansa mata a makaranta lokacin da ba kowa ke yin haka ba. Manoman garinmu kuwa, duk wanda ya ce zai yi wa rudunsa da hannunsa, Yaya cewa yake ya yi. Ya ce darni don awaki aka yi shi, maƙwabci ta ƙofa yake shigowa.

Makka ce bai samu ba. Ya sake ɗaure wasu 'yan maruƙa, amma kujera tana gudu yana bin ta, kowace shekara ta ƙara nisa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi da rani, kwana kaɗan. Bayan shekaru, da albasar wannan fadama, na je na sauke faralina, na sake komawa na yi masa. Malamai sun ce ladan yana isa, ina kuma fatan haka. Sai dai ni na ga Ka'aba da idona sau biyu, shi bai gani ba ko sau ɗaya. Wannan ba abin da zai gyara shi, sai rahamar Allah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jami'a ta zo har Aliero. Babura sun kori kekuna, injin ban ruwa ya kori jigo. Wa'adin takardunsa ya ƙare tuntuni, hular ta zama ta kowa, yara masu walda suna ƙera ta ba su san wanda ya fara ba. Ina jin wannan ba zai dame shi ba. Zai dai tsaya ya leƙa ramukan ya ce sun yi faɗi.

Balkisu, 'yar babbar 'yarsa, ta karanta aikin injiniya, yanzu ita ma ta haɗa wata na'urar busar da albasa da hasken rana. Ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, an ce kai ne gwanin Ingila. Rajistar yanki zan yi ko ta duniya?"

Na ce, "Amarya, ba'a za ki yi mini ko shawara kike nema?"

Ta ce, "Duka biyun."

Ta bayyana mini cewa zamani ya sauya. Yanzu daga nan gida ana iya shigar da nema guda da zai riƙe wa mutum wuri a ƙasashe masu yawa, ya ba shi lokaci ya duba inda kasuwarsa take. Amma har yau babu takarda ɗaya da ta rufe duniya. Idan lokacin ya cika, sai ka bi ƙasashen da ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata ban ruwan.

Na so in ce mata ta tsaya kusa da gida, kada ta bi sawuna. Har na buɗe baki sai na tuna Yaya bai taɓa cewa nesa haramun ce ba. Tambaya ya yi. Sai na mayar mata da ita: wa zai ƙera irin taki ya sayar, daga ina zai fito? Ta ce ba mai waldar Gaya take tsoro ba, masana'antun ƙetare take tsoro, waɗanda za su ga hoto a waya su cika kwantena su kawo har Jega da araha. Na ce to awakinta daban da na kakanta, burtalin ya sauya wuri. Ta je ta binciko ta inda suke shigowa, ta auna karan da ke hannunta, ta kafa a can. Abu ɗaya na roƙe ta: duk abin da za ta jingina, ya zama nata ita kaɗai, kuma kada na gida su ji a bakin bare.

Ban san wadda za ta zaɓa ba, ba kuma ni zan zaɓa mata ba. Ta fi ni sani, da ma.

Idan na auna abin da Yaya Namadina ya bari, takardun su ne mafi sauƙi a ma'auni, suna cikin akwatin A'i, ba su hana kowa komai yanzu. Hular tana nan tana juyawa a kan rudunan mutanen da ba su san sunansa ba, ina kuma sa ran kowace albasa da ta tsira tana cikin mizaninsa. Fadama tana nan guda, ba a taɓa jan igiya a tsakiyarta ba, 'ya'yana da jikokinsa ke noma ta. Ni ma ina nan, mutumin da ya isa a kore shi daga gona aka ce ya zo da kalme. Na gode wa Allah da ya ba ni irin wannan wa, na gode wa A'i da ta yi mini horo da dariya.

Bana ma da lokacin dashe na sa aka kai ni fadama. Ƙarfin kafa kara ya ƙare mini, sai dai in zauna a inuwa ina nuni da sanda. Wani daga cikin samarin ya fara jera kara ta gefen rafi don a ce an kewaye ko'ina. Na kira shi na ce ya tuge, ya mayar gefen burtali ya ninka. Ya ce wa ya ce haka ake yi? Na ce mai gonar.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya nuna masa Ɗakin da ya fasa gani saboda ni.